Furar Inna da Addu'ar Masu Mulki

Ni dai tun ina ƙarama aka san ni da baki. Mahaifiyata takan ce da baki gona ne, da gidanmu bai taɓa sayen hatsi ba. Iyayena daga ƙasar Zuru suka zo Jega, a nan aka haife ni, a nan na yi aure, a nan kuma nake da tebur a kasuwa, ina sayar da manja da gishiri da daddawa. Mu Kirista ne, ba mu da yawa a garin. Majami'armu ƙarama ce, ginin bulo da rufin kwano, ga darbejiya a jikin taga, da wani benci a ƙarƙashinta inda masu goyo ke fita su zauna idan yaro ya hana su sakat.

Maƙwabciyata a kasuwa wata tsohuwa ce mutuniyar Aliero, mai kasa albasa. Inna nake ce mata, ita kuma ta ce mini ɗiyata. Ranar da na fara zuwa da tire a ka da goyo a baya, na zagaya na zagaya babu wadda ta matsa mini, ita ce ta janye buhunta ta ce, "Zamna nan, ɗiyata, inuwa ba ta ƙarewa don an raba ta." Tun daga ranar muke tare. 'Ya'yana duka a cinyarta suka yi barcin rana. Idan ta tashi salla ni ke tsare mata albasa, idan na tafi zumuntar mata ita ke auna wa mutane manjana, kuma ta fi ni iya ciniki.

Inna tana da ɗa namiji guda. Da can dillalin albasa ne, yana loda wa manyan motoci daga Aliero zuwa kudu. Daga baya ya shiga siyasa, ya tsaya, ya ci. Ba zan faɗi kujerar ba, kowa dai Honorabul yake ce masa. Ya gina wa uwarsa gida, ya yi juyin duniya ta bar kasuwa, ta ƙi. Ta ce in ta zauna a gida gwiwoyinta za su ƙage. Ni kuwa ban zaɓe shi ba, kuma ban ɓoye mata ba. Na ce, "Inna, ɗanki bakinsa ya fi aikinsa tsawo." Ta yi dariya ta ce, "Ƙuri'arki taki ta, ɗiyata. Ni dai na haihe shi, dole in jefa mashi."

Mijina noman rani yake yi, albasa, a wata fadama da yake haya wajen Sabiyal. Shekarar da Honorabul ya hau, aka ce an kawo takin tallafi, ta hannunsa za a raba. Mijina ya bi layi tun da sassafe har rana ta take. Da ya kai gaba, sai wani cikin yaran Honorabul ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai ba wancan ka dangwala wa ba? To, je ka ya ba ka." Aka kwashe da dariya. Mijina mutum ne mai sanyi, ya gyara hularsa ya dawo gida, sai da na matsa masa ya faɗa mini. Albasar da ya cire a shekarar nan ƙanana ce kamar goro, dillalai ko tsayawa ba su yi ba. Sai da na sayar da awakina kafin muka ga damina. Ba mu kaɗai ba ne, rabin ikilisiyarmu haka aka yi musu, har da Musulmi da dama da ba su bi jam'iyyarsa ba.

Inna ta ji labari. Ta ce ta yi masa magana, ya ce aikin yara ne. Na ja tsaki na ci gaba da ƙulla gishirina. Can bayan la'asar, kasuwa ta fara watsewa, sai ta matso ta rage murya.

"Ɗiyata, an ce min ku ran Lahadi kuna yi ma masu mulki addu'a."

Na ce, "Muna yi."

"To ki sa min wanga yaro ciki. Kujera mugun abu ta, ta hwara canza mashi ido. Na ba malamai, su ma suna yi. Amma kowa ya roƙa, Allah ɗai aka roƙo."

Na ce, "To, Inna, in Allah ya yarda."

Kun dai san yadda muke. "A sa mu a addu'a" magana ce da ake yi kamar "sai an jima", kowa ya ce "to" ya wuce. Haka na ɗauke ta. Ashe ita tsohuwar nan da gaske take.

A majami'armu akwai yadda ake yi. Kafin wa'azi akan raba addu'ar roƙo: wani ya yi domin marasa lafiya, wani domin matafiya, wani domin gonaki, sannan wani ya yi domin masu mulki. Bayan maganar takin nan, da an zo kan masu mulki sai kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Fastonmu matashi ne mai haƙuri. Ya ce, "'Yan'uwa, Maganar Allah ba ta ce mu yi wa mai mulkin da ya yi mana daɗi kaɗai ba, dukansu ta ce. Waɗanda aka fara ba wannan umarni, sarakunan zamaninsu sun fi namu mugunta nesa ba kusa ba. Wa zai ɗauka?" Sai na ɗaga hannu. Fasto har da murmushi, bawan Allah, ya zaci wa'azinsa ne ya shige ni.

Ni kuwa abin da na hango daban. Na hango lasifika, na hango mutane idanunsu a rufe, babu mai katse ni.

Na miƙe na fara. Na ce Ubangiji ya dubi masu girman kai da suka hau kujera suka manta ƙasa. Na ce ya tuna da sarkin nan da ya mai da shi daji yana cin ciyawa kamar sa, ya nuna mana har yanzu yana iyawa. Na ce takin da aka hana talaka ya zama wuta a rumbun wanda ya ɓoye shi. Ban kira suna ba, ban ma bukata ba. Kai! Amin ɗin da aka yi ranar sai da kwano ya amsa. Da aka tashi mata suka kewaye ni, wannan ta ce, "Yau kin wanke mana zuciya," waccan ta ce, "Bakinki ya huta da faɗa ya samu aikin yi." Na koma gida ina jin kaina kamar wadda ta ci zaɓen.

Ranar Litinin ina shimfiɗa kaya sai ga Inna da ƙwarya an rufe da faifai.

"Kun yi mashi?"

Na ce, "Mun yi."

"Madalla. Allah shi karɓa." Ta ajiye ƙwaryar a ƙarƙashin teburina.

Na buɗe, fura ce, manya-manyan dunƙule, ta gero zalla, har ƙamshin citta da kanumfari na tashi. Na gane nan take. Su a wajensu ba a roƙon addu'a hannu banza, in ka ba malam aiki kana kai masa ɗan abu. Na ce, "Haba Inna, mu ba ma karɓar komai a kan addu'a." Ta ce, "Wa ya ce taki ta? Hurar jikokina ta." Me zan ce? In na ƙi, sai na faɗi dalili. Na kai gida, yara suka dama da nono suka sha har da lashe ludayi. Ni ma na sha, ba zan yi ƙarya ba, kuma ta yi daɗi.

Haka abin ya zama mana ka'ida. Lahadi in tsine wa ɗan, Litinin in sha furar uwar. Kowace Litinin tambayar guda ce, "Kun yi mashi?" ni kuma amsar guda ce. Har nakan gaya wa kaina ai ba ƙarya nake yi ba, an yi masa ɗin. Da hannunta take dakan nan, tsohuwa mai ciwon kafaɗa, alhali gidan ɗanta cike yake da masu aiki. Ta ce abin addu'a ba a ba wani ya daka.

Ba wai ba a ja mini kunne ba. Fasto ya kira ni gefe wata rana ya ce, "Mama, addu'a domin mutum daban, kai ƙararsa daban." Na ce, "Fasto, nuna mini kalma guda da na faɗa wadda babu irinta a Littafi." Ya ƙyale ni, don ya san ni. Mijina kuma, shi da aka yi wa dariyar, shi ne ya ce, "Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ko ki yi wa yaron nan addu'ar kirki, ko ki daina kawo mana furar tsohuwar nan." Na ce masa in ba ya sha ya tura wa yara. Ya daina sha kuwa. Ni ban daina ba.

Sai wata Lahadi cikin damina. A makon nan ruwa ya cinye kwalbatin hanyar Liba, wanda Honorabul ya yi alkawarin gyarawa tun lokacin kamfe. Ƙanwata a can take aure, naƙuda ta kama ta, aka rasa yadda mota za ta shiga, sai a amalanke aka fito da ita. Ita ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Da wannan na shiga sujada.

Da aka zo kan masu mulki na karɓi lasifika. Na faɗi abin da na saba faɗa, na ƙara. Ana ta amin, amin ɗin na ƙara tunzura ni. Can sai na ji bakina yana cewa, "Ya Ubangiji, kukan da uwaye suka yi a Liba, ka kai shi gidan azzalumi. Uwar da ta haifi mai zalunci, ka sa ta yi irin kukan da muka yi. Ka sa ta ga ɗanta a kwance!" Aka ce amin. Na rufe da sunan Mai Ceto kamar kowace addu'a.

Aka tashi, na fito ina gyara ɗankwali, ana ta gaisawa. Ina juyowa wajen darbejiya sai na gan ta. Inna ce zaune a kan bencin masu goyo, daidai jikin taga, ƙwarya a cinyarta.

Wayyo ni. Da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Ita ce ta taso, da kyar, tana dafa gwiwa.

"Ɗiyata, an hito lahiya? Yaron nan ya kama hanyar Maiyama da sahe, za shi Abuja, ga hanya ba daɗi. Na ce bari in tarbe ki kahin ku shiga ki ƙara mashi ta tahiya. Na iske kun hwara."

Ta miƙo mini ƙwaryar. Na karɓa, don hannuna ya riga ya saba. Ta juya ta tafi a hankali, na bi bayan mayafinta da ido har ta sha kwana. Ban iya ce mata ko sannu ba, ni da ake cewa bakina gona.

Ranar ko abinci ban ɗora ba. Furar na nan a rufe, na hana yara taɓawa. Duk ƙarar mota da na ji sai gabana ya faɗi, ina cewa shi ke nan, an zo da labarin hanyar Maiyama. A ranar ce na fara yi wa mutumin nan addu'a ta gaskiya, ita ma tsoro ne ya matso ta daga bakina, ba kirki ba. Na ce, "Ubangiji, ka yi mini rai, kada ka ji ni. Ka kai shi lafiya." Ya kai lafiya kuwa.

Litinin na yi kamar kada in je kasuwa. Mijina ya ce, "In ba ki je yau ba, gobe ta fi wuya." Na je. Na tarar da ita ta riga ta kasa albasarta. Na durƙusa a gabanta, a tsakiyar mutane, na ce, "Inna," sai kuka ya ƙwace mini.

Ta ce, "Tashi, ki bar tara muna jama'a."

Na ƙi tashi. Sai ta ci gaba da gyara kashin albasa, ba ta dube ni ba, tana magana kamar da albasar take.

"Muryarki na da ƙarhi, tubarkalla. Na ji komi. Ɗan kuka shi ka ja ma uwatai jihwa, na san wannan tun ban haihu ba. Abin da kinka hwaɗi a kanai, na hwaɗa mashi abin da ya hi shi a ɗakina, ido da ido. Maganar ƙanwarki ma na ji, ban yi kwana ba. Amma ni in na ƙare hwaɗa, sai in ce Allah shi shirye shi. Na zamna a bencin nan ina jiran ki kawo wurin. Har kunka tashi ba ki kawo ba."

Shi ke nan abin da ta ce. Wani ya zo sayen albasa ta juya ta sallame shi. Da ta zage ni, da ta watsa mini ƙwaryar a fuska, da na fi samun sauƙi.

Lahadin da ta biyo na so in ajiye aikin. Fasto ya ce a'a, ke kika ɗauka, ke za ki yi. Na miƙe, lasifika a hannu. Duk kalmomin nan da suke zuwa mini kamar ruwan famfo suka ɗauke. Da kyar na ce, "Ya Ubangiji, ga masu mulkinmu. Ga wanda ya hana mu taki. Ka shirye shi. Ka ba shi tsoronka, ka sa ya gyara hanyar Liba. Ka tsare shi a hanya, ka bar wa uwarsa shi." Amin ɗin da aka yi, da ka ƙirga bakunan da yatsun hannu ɗaya. Na zauna ina jin idanun mutane a ƙeyata.

A waje wata cikin matan zumunta ta tare ni ta ce, "To, an kawo miki buhun taki ne da dare? Nawa aka saye ki?" Da a da ne, da sai an raba mu. Har na buɗe baki, sai na tuna furar da na yi wata da watanni ina sha. Na rufe bakina na wuce. An biya ni kam, tuntuni, aikin ne ban yi ba.

Kada wani ya zaci na koma son Honorabul. Ko kusa. Da zaɓe ya sake zagayowa ban dangwala masa ba, gobe ma in ya tsaya ba zan yi ba, kuma duk inda aka zauna ina faɗar abin da ya yi mana. Kwalbatin Liba sai da aka yi wata daminar kafin aka taɓa shi. Amma addu'ar ban fasa ba, a majami'a da kuma a ɗakina da safe. Wata rana takan fito da sauƙi, wata rana sai na ja ta kamar guga daga rijiya mai zurfi. Idan ta ƙi, sai in daina tuna fuskarsa ta jikin fosta, in tuna tsohuwa a kan benci da ƙwarya a cinya.

Inna ba ta canza mini ba. Tana tsare mini tebur, tana tsokanar yarana, furar ma ba ta yanke ba, kowace Litinin sai ta ajiye ta ce ta jikokinta ce. Abu guda ne kawai ya ɓace. Ba ta sake cewa "Kun yi mashi?" ba. Nakan jira tambayar nan tun ina ɗaura zane a gida. Da na ga ba za ta zo ba, na fara kai kaina: "Inna, jiya mun yi masa." Sai ta ce "Madalla," ta ci gaba da kasa albasarta. Da can da nake mata ƙarya har hannu take ɗagawa sama. Yanzu da nake faɗar gaskiya, madalla ce kawai, irin wadda ake ce wa yaro ya nuna maka tsakuwa.

Bara da kaka Allah ya yi mata rasuwa, bayan gajeriyar jinya. Na je zaman makoki a gidan da ɗanta ya gina mata, na shiga cikin mata na nemi lungu na zauna. Ran uku Honorabul ya shigo karɓar gaisuwar mata. Ya rame, idanunsa sun yi ja, babu yaran nan nasa a bayansa. Yana bin layi ana yi masa ta'aziyya har ya zo kaina. Na sunkuyar da kai na ce Allah ya jiƙanta, ya ba da haƙuri. Ya ce amin, ya yi taku ɗaya, sai ya dawo.

"Ke ce maƙwabciyar Inna ta kasuwa, mai manja?"

Na ce, "Ni ce." Zuciyata ta ce, to, yau ranar ta zo.

Ya ce, "Kullum tana maganarki. Ta ce ba ki zaɓe ni ba, amma tun ranar da na hau ke ce mai yi mini addu'a a cocinku, ba ki taɓa fashi ba. Ko a asibiti sai da ta sake faɗa mini. Na gode. Don Allah kada ki daina, yanzu da babu ita."

Tun ranar da ya hau. Haka ta gaya masa, haka ta tafi ta bar shi da shi. Mata suna ta kallona suna gyaɗa kai, wata har da cewa Allah ya saka mini da alheri. Na ja mayafina na rufe fuska, kowa ya ɗauka kukan mutuwa nake yi.

Ya tsaya yana jiran amsa. Na ce, "Ina yi."